Darasi na 14: Sabunta Tsohon Tebur da Kujerun Cin Abinci

A. KARATU

Ɗalibi, idan ka koma gida yau, ka leƙa ɗakin ajiya ko bayan madafa. Da wuya ka rasa wata tsohuwar kujera da aka jingine da bango, ƙafa ɗaya tana rawa, yadin mazauninta ya yage, soso ya leƙo waje. Wataƙila 'yan'uwanta biyar suna nan kewaye da teburin cin abinci, kowace tana jiran ranar da za a kore ta. A gidaje da yawa ƙarshen irin wannan kujera murhu ne. Kafin a kai ta can, ina so ka san abin da ake shirin ƙonawa, ka kuma koyi Hausar da za ka yi maganar gyaranta da ita.

A gidan Bahaushe na gargajiya a kan tabarma ake cin abinci, a kewaye kwano ɗaya, maza daban, mata daban. Kujerar da aka sani a da ita ce 'yar gajeruwa wadda masassaƙi ke sassaƙawa daga gungumen ice guda, mata su zauna a kanta lokacin girki. Ana kiranta kujera 'yar tsugunno. Tebur da doguwar kujera mai majingina sun yaɗu ne tare da makarantun boko da ofisoshi, shi ya sa da yawa daga kalmomin wannan sana'a aro ne daga Ingilishi: tebur, kafinta, fenti, buroshi, filaya, samfefa. Furta su a hankali, kunnenka zai gane asalinsu. Kada kuma ka haɗa masassaƙi da kafinta. Masassaƙi da gizago yake aiki, ya fitar da turmi ko akushi daga ice ɗaya. Kafinta kuwa da zarto da guduma da ƙusa yake aiki, yana harhaɗa katako da katako.

Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Yawancin kujeru da teburan da kakanninmu suka saya an yi su ne da katako mai nauyi, irin su loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da maɗaci, da safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, inda aka daɗe ana yanka katako ana fita da shi ƙasashen waje. Loko yana da ƙarfi, kuma gara ba ta cin sa da sauƙi. Irin waɗannan itatuwa suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su isa sara, ga shi kuma sun ragu a dazuzzukanmu. Madobiya ma, saboda yawan saranta da aka yi ana kaiwa ƙasar Sin, tun shekarar 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka sa wa cinikinsu tsakanin ƙasashe takunkumi. Da yawa daga kayan ɗaki masu araha da ke kasuwa yanzu garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse, aka lulluɓe da wani abu mai sheƙi. Ruwa ya shige shi sau ɗaya, sai ya kumbura ya ruɓe, ba ya kuma gyaruwa. Saboda haka wanda ya jefar da kujerar loko ya sayo sabuwa irin wannan, a ganina, ya yi asara ne yana murna.

Aiki na farko shi ne bincike. Kifa kujerar a ƙasa ka duba cikinta, inda ba a shafa fenti ba. Idan ka ga ƙananan ramuka kamar hudar allura, ga wani gari mai laushi yana zubowa daga ciki, ƙwaro ya shiga katakon. Danna wurin da tsinin ƙusa. In ƙusar ta nutse ba tare da ka sa ƙarfi ba, wannan sashe ya mutu, sai an canza shi. In kuwa katakon ya tsaya da taurinsa, to, kujera za ta gyaru. Duba gefen teburin ma. Wani tebur katako ne zalla tun daga sama har ƙasa. Wani kuma siririn ɓawo ne na katako mai kyau aka manna a kan wani maras tsada, kaurin ɓawon sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Sanin wannan yana da muhimmanci, domin wanda ya goge irin wannan ɓawo da ƙarfi zai huda shi, kuma hudar ba ta ɓoyuwa.

Daga nan sai gaɓoɓi. Me ya sa ƙafar kujera ke rawa? Katako, ko bayan an sare shi an busar, yana shan laima daga iska, yana kuma sakin ta. Da damina ya ɗan kumbura, da hunturu ya tsuke. Shekara da shekaru ana wannan kai-da-kawo, sai gam ɗin da ke riƙe da gaɓa ya saki. Dalilin ke nan da ya sa teburin da aka yi a Fatakwal ko Legas, inda iska ke da laima, yakan tsage idan aka kai shi Kano da rani. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ɗauko doguwar ƙusa su buga a gaɓar. Kada ka yi haka. Ƙusa takan tsaga busasshen katako, bayan 'yan makonni kuma rawar ta dawo, gyara ya ƙara wuya.

Ga yadda ya kamata. Ɗauki alli ka rubuta lamba a kowace gaɓa da abokiyar haɗinta, 1 da 1, 2 da 2, don kada ka rikice wajen mayarwa. Ka bubbuga a hankali da guduma, amma ka sa guntun katako tsakanin gudumar da kujerar, har gaɓar ta rabu. Ka kankare tsohon gam sarai da wuƙa, domin sabon gam ba ya kama tsoho, katako yake kamawa. Sa'an nan ka shafa farin gam na kafintoci a ɓangarorin biyu, ka mayar. Kafinta yana da ƙarfen matsi, kai kuma kana da igiya. Kewaya ƙafafun da igiya sau biyu, ka ɗaure, ka zura 'yar sanda a tsakani kana murɗawa har igiyar ta yi tauri. Sa kwali a inda igiyar ta taɓa katako don kada ta bar shaida. Tsayar da kujerar a daɓe mai daidai, ka tabbata ƙafafu huɗu duk sun taɓa ƙasa. Gam ɗin da ya tsattsafo waje, ka share shi nan take da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba mai ba zai kama wurin ba daga baya. Ka bar ta awa 24. Na san za ka so ka zauna ka gwada kafin lokacin ya cika. Yi haƙuri.

Kafin ka taɓa samfefa, ka wanke katakon da sabulu da tsumman da aka matse sosai, ka bar shi ya bushe. Sau da yawa abin da ake zaton lalacewa ce, dauɗa ce kawai ta manja da gumi da hayaƙi, tana fita sai kyan katako ya bayyana. Idan tsohon man ya ɓaɓɓare ko ya yi zane-zane, a nan ne ake bukatar guga.

A bayan kowace samfefa akwai lamba. Ƙaramar lamba kaushi take nufi, babbar lamba kuma laushi. Fara da mai lamba 80 don cire tsohon mai, ka koma 120 don share zanen da ta farko ta bari, ka ƙarasa da 220. Kada ka tsallake daga 80 zuwa 220, zanen zai fito fili da zarar an shafa mai. Naɗe samfefar a jikin guntun katako mai faɗi domin gugar ta yi daidai. Ka dubi fuskar katakon da kyau, za ka ga jijiyoyi sun miƙe sun nufi gefe ɗaya. Bi su za ka yi, gaba da baya, kada ka gitta su, kada kuma ka yi kewaye. Idan teburin mai siririn ɓawo ne, ka bar lamba 80 a aljihu, ka yi amfani da mai laushi kaɗai, da hannu sakwa-sakwa.

A nan dole in ja kunnenka. Tsohon fenti, musamman mai launi, yana iya ƙunsar dalma, kuma ƙurarsa guba ce. Dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. A shekarar 2010 ƙurar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje don neman zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara. Ƙurar kujera ɗaya ba ta kai wannan yawa ba, amma gubar iri ɗaya ce. Idan kujerar fenti ne a jikinta, ka sanar da babba a gida tukuna. A yi aikin a waje, nesa da madafa, a kori ƙanne daga wurin, a rufe hanci da baki. A riƙa yayyafa ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi, a kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu da tufafi kafin a ci abinci. Kada a ƙone fentin da wuta.

Bayan guga, share ƙurar tas, ka shafa man katako mai sheƙi da buroshi mai tsabta, kana bin jijiyoyin nan dai. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda zai yi ta tsiyaya yana daskarewa kamar hawayen kyandir. Bari kowane shafi ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ka ɗan goge sama-sama da lamba 220, ka share, sa'an nan ka ƙara wani. Shafa ƙarƙashin teburin ma ko da sau ɗaya, domin idan fuska ɗaya ce kawai ke shan laima, katakon yana iya lanƙwashewa. Zaɓi ranarka: da tsakiyar damina mai ba ya bushewa da wuri, ranar da ƙurar hunturu ta taso kuma duk za ta manne a kansa. Man nan da abin da ake tsinka shi da shi suna kama wuta, don haka a yi nesa da murhu da risho da janareto, a kuma buɗe tagogi. Tsumman da ya sha mai kada a dunƙule shi a jefa a kwana, wani irin mai yakan sa shi ya yi zafi har ya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje ya bushe.

Saura mazauni, kuma shi ne sashen da ya fi daɗi. Ɗaliba, kada ki ce wannan aikin maza ne. Wanda ya iya riƙe almakashi da guduma ya iya shi. A yawancin kujerun cin abinci, mazaunin falanki ne daban da aka ɗaure daga ƙasa da sukurori huɗu. A kwance su, a adana su a gwangwani. A ciccire tsofaffin ƙusoshi da filaya, a zubar da tsohon soson da ya zama gari. Tsohon yadin kuwa kada a yar tukuna, da shi za a auna sabo.

Ɗora falankin a kan sabon soso mai kaurin santimita 5, ka zana kewayensa, ka yanke da wuƙa mai kaifi. Yanzu sai lissafi. A ce mazaunin santimita 45 ne tsawo da faɗi. Kana bukatar ƙarin santimita 10 a kowane gefe, 5 don kaurin soso, 5 don naɗewa ƙarƙashi. Kowace kujera ke nan za ta ci 65 tsawo, 65 faɗi. Idan faɗin yadin santimita 150 ne, biyu za su fita a jere ɗaya, kujeru shida kuma jeri uku, wato santimita 195. Ka sayi yadi biyu da kwata. Ka lura da kalmar yadi: sunan ƙyallen ne, kuma sunan ma'aunin ne, mai tsawon kusan santimita 91.

Wane iri za ka saya? Atamfa tana da ban sha'awa, amma ba ta da kauri, ba za ta jure zama kullum ba. Saƙin hannu mai kauri, irin su saƙin Hausa da akwete da aso-oke, ya fi ta ƙwari. Leda tana goguwa da tsumma idan miya ta zuba, sai dai tana sa gumi, kuma takan tsattsage idan ta tsufa. A gidan da ke da ƙananan yara, ni leda zan zaɓa, ko yadi mai duhu.

Shimfiɗa yadin a ƙasa, fuskarsa tana kallon ƙasa. Ɗora soso a tsakiya, ka ɗora falanki a kan soso. Ja yadin daga tsakiyar gefen gaba ka kafa ƙaramar ƙusa ɗaya. Koma gefen baya, ka ja da ƙarfi daidai, ka kafa ɗaya. Haka dama, haka hagu. Juya ka duba: zanen yadin ya miƙe? In ya karkace, ƙusa huɗu kawai za ka cire. Ranar da na fara wannan aiki, na jera ƙusoshi goma sha biyu a gefe ɗaya kafin in duba, sai na tarar furannin yadin duk sun kwanta gefe kamar dawar da iska ta kayar. Da ka tabbata ya miƙe, ci gaba da kafawa daga tsakiya zuwa kusurwa, kana musaya tsakanin gefe da kishiyarsa. A kusurwa, ja tsinin yadin zuwa tsakiyar falanki ka kafa, sa'an nan ka ninke gefe biyun a kansa. Yanke rarar da almakashi, ka bar ramukan sukurori a buɗe, ka mayar da mazaunin wurinsa. Teburin kuwa a bar shi kamar mako ɗaya kafin a ci abinci a kai, kuma kada a ɗora masa tukunya mai zafi sai da faifai a ƙarƙashinta.

Akwai gyaran da ya fi ƙarfin gida. Ƙafar da ta karye biyu, ko wadda ƙwaro ya cinye, sai kafinta.

B. TATTAUNAWA

Ɗaliba: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba.
Kafinta: Wa alaikumus salam. Yawwa, sannu 'yata. Me aka kawo mana?
Ɗaliba: Kujerar kakata ce, ƙafar baya ta karye. Ko za ta gyaru?
Kafinta: Miƙo ta in gani. Kai! Ai wannan loko ne. Za ta gyaru mana, sai dai ƙafar ba ta ɗoruwa, sabuwa zan yi mata.
Ɗaliba: Nawa zan biya, Baba?
Kafinta: Kawo naira dubu shida.
Ɗaliba: A yi mini ragi, don Allah. Ni 'yar makaranta ce. Zan ba da dubu huɗu.
Kafinta: Albarka. Katakon kaɗai ya kusa cinye wannan. Cika dubu biyar.
Ɗaliba: To, na yarda. Yaushe zan dawo?
Kafinta: Jibi da la'asar, in Allah ya yarda. Ki gai da kakar taki.
Ɗaliba: Za ta ji. Na gode, Baba.

C. SABABBIN KALMOMI

majingina: sashen kujera da ake jingina baya da shi
mazauni: sashen da ake zama a kai
gaɓa: inda katako biyu suka haɗu, jam'i, gaɓoɓi
laima: danshin da ke cikin iska ko ƙasa
samfefa: takarda mai kaushi ta goge katako
falanki: katako mai faɗi da aka yanka
dalma: wani ƙarfe mai nauyi da taushi, mai guba
kusurwa: inda gefe biyu suka gamu
rara: abin da ya saura bayan an ɗebi na bukata
albarka: a wajen ciniki, hanyar ƙin tayi cikin ladabi

D. NAHAWU

Kujera mace ce a nahawu, tebur kuma namiji. Shi ya sa muke cewa tsohuwar kujera ta karye, amma tsohon tebur ya karye. A jam'i babu bambancin jinsi: tsofaffin kujeru sun karye, tsofaffin tebura sun karye.

Wajen ba da umarni, wakilin suna yana nuna wanda ake magana da shi: ka goge ga namiji, ki goge ga mace, ku goge ga mutane da yawa. Idan ba a nufin wani takamaimai, ko ana son sassauta magana, sai a ce a goge. Hani kuma da kada ake yin sa: kada ka goge, kada a goge.

Yanzu dubi waɗannan jimloli:

Kafinta ya gyara kujera. Kujera ta gyaru.
Na ɗaure igiya. Igiya ta ɗauru.
Mun goge tebur. Tebur ya gogu.

Aikatau na biyu a kowane layi ya ƙare da wasalin u. Wannan shi ne giredi na 7. Ba ya ɗaukar karɓau, kuma yana nuna cewa aikin ya auku a kan abin sosai da sosai. Idan aka ƙara masa wa a lokaci mai ci, ma'anar takan koma yiwuwa: yana gyaruwa, wato ana iya gyara shi, ba ya gyaruwa, wato ba a iya gyara shi. Abin da kafinta ke nufi ke nan da ya ce ƙafar ba ta ɗoruwa.

E. TAMBAYOYI

1. Mene ne bambanci tsakanin masassaƙi da kafinta?
2. Me ya sa gaɓoɓin kujera ke saki bayan shekaru?
3. Don me marubucin ya hana buga ƙusa a gaɓar da ke rawa? Ka yarda da shi?
4. Kawo abubuwa uku da za a yi don kauce wa gubar dalma.
5. Mazaunin kujera santimita 50 ne tsawo da faɗi, faɗin yadi kuma 150. Santimita nawa na yadi kujeru huɗu za su ci? Rubuta amsar da kalmomin Hausa.
6. Mayar da waɗannan zuwa giredi na 7, ka sa kowanne a jimla: haɗa, cire, kankare, dafa, wanke.
7. Nemo jimloli biyar na umarni a cikin karatun, ka mayar da su kamar kana magana da mace, sa'an nan da mutane da yawa.

F. AIKIN GIDA

Ziyarci wani kafinta a unguwarku tare da abokin karatunka. Ku tambaye shi sunayen katako uku da yake aiki da su a harshensa, da wanda ya fi wuyar samu yanzu. Idan akwai Hausawa kusa da ku, a kasuwa ko a Sabo, ku nemi sunayen da Hausa. Rubuta abin da kuka samo cikin jimloli goma, ka kawo aji mako mai zuwa.